Ga mai son ajiye aikinsa ya shiga harkar ganin kwamfuta

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ka ce ka koyi fasahar ganin kwamfuta, wato sa kwamfuta ta gane abin da ke cikin hoto ko bidiyo, ka horar da model (manhajar da ake koya wa gane abu ta hanyar nuna mata hotuna da yawa) da YOLO, sanannen tsarin gano abubuwa a hoto, har yana gane mutum da mota, kuma kana ta cin karo da rahotanni masu cewa kasuwar za ta ninka nan da 'yan shekaru, shi ya sa kake shawarar ajiye aikin koyarwa ka buɗe kamfani. Sannan ka ce akwai wani Alhaji mai sito da ya ce ka fara haɗa masa na gwaji kyauta, in ya yi kyau ya ba ka kwangila. Wannan ta ƙarshen ce ta hana ni wucewa.

Kasuwa kam tana girma, babu mai musu. Amma ka duba aljihun da kuɗin ke faɗawa. A 2017 Intel ta sayi Mobileye kan dala biliyan 15 da ɗoriya, masu yin na'urar da ke sa mota ta ga hanya. A shekarar ce John Deere ya sayi Blue River kan dala miliyan 305, saboda injin da ke bambance ciyawa da shuka ya fesa magani a kan ciyawar kaɗai. Nvidia, mai GPU, wato na'urar lissafin da dukanmu muke horar da model a kai, darajarta ta haura dala tiriliyan 3 a 2024. Duk cikinsu babu wanda model tsuransa ya sayar. Ko dai ƙarfe ne a hannunsu, ko kuma suna riƙe da mai saye tun da daɗewa. Ni da kai model kawai muke da shi, shi kuwa kullum araha yake ƙara yi. Meta, mai Facebook, ta saki Segment Anything, model mai ware kowane abu a cikin hoto, kyauta a 2023. Kamfanonin Sin Hikvision da Dahua suna da kyamarorin da ke ƙirga mutane su karanta lambar mota da kansu, mai ɗaura kyamara na unguwarku ma zai iya sa su. Kuma ko a can ba kowa ne ya sha ba: Argo AI, kamfanin mota marar direba wanda Ford da Volkswagen suka zuba wa biliyoyi, an rufe shi a 2022, GM ma ta janye hannu daga tasi marar direba ta Cruise a ƙarshen 2024. Masu rubuta "kasuwa za ta kai kaza" rahoton suke sayarwa, kuma ba sitocin Kano da Kaduna suke lissafawa ba.

Ni nawa a wani kamfanin casar shinkafa ya same ni, ba zan faɗi suna ko gari ba. Mai kamfanin yana kukan buhu na ɓacewa tsakanin sito da tirela. Wani dattijo da nake jin nauyinsa ne ya haɗa mu, shi ya sa maganar kuɗi ba ta taso ba tun farko. Aka miƙa ni hannun manaja. Ya tarbe ni da fara'a, injiniya sama injiniya ƙasa, ya ce in yi gwaji tukuna, kwangilar sauran sitoci tana nan tana jirana. Na sayar da mashin ɗina na sayi kyamara da Jetson Nano, 'yar ƙaramar kwamfutar da model ke aiki a kai, da ƙaramar inbata da batir. Ni da ƙanina muka riƙa kwana muna zana akwati a kan hotunan buhu don model ya koyi gane shi: buhu a ka, buhu a kafaɗa, ɗan dako ɗauke da biyu, wani ya tare wani, duhun cikin tirela bayan magariba. Da damina abu ya tafi daidai. Da hazo ya sauka, ga ƙaiƙayi yana tashi, gilashin kyamara ya dushe, ƙirga ta rikice. Muka sake ɗaukar hotuna, muka sake horarwa, na kai wa mai walda ya yi wa kyamarar gida. Daga ƙarshe ta zauna. In na tsaya na ƙirga da idona, abin da na samu shi na'ura ke samu.

To nan fa masifar ta fara, don lissafin na'ura ya ƙi zuwa ɗaya da littafin akawu. Rannan in zo in tarar an juya kyamara tana kallon bango. Rannan an rataya mata tsumma. Rannan waya ta tsinke, wai ɓera ne. Kafin wannan lokacin manajan ya riga ya karɓi komai a filashi, kod (rubutun manhajar) da hotuna da model, wai dokar kamfani ce kada kayansu su kwana a waje. Ranar da mai kamfanin ya zo dubawa, a gaban 'yan dako da direbobi manajan nan ya nuna ni da yatsa ya ce na'urata ƙarya take yi, ina so in haɗa shi faɗa da ma'aikatansa masu amana, wasan yara ne na kawo musu. Na ce ga bidiyo nan, a kunna a ƙirga tare. Ya ce Alhaji ba shi da lokacin kallon fim. Aka yi dariya. Ɗan'uwa, ƙanina yana tsaye a wurin, yaron da ya bar barcinsa saboda aikin nan, yana kallona ina rawar baki. Har yau in na tuna fuskarsa sai ƙirjina ya yi nauyi. Da acaɓa muka koma gida, ba wanda ya ce wa wani uffan.

Na yi ta zarya ofishinsa. Oga yana mitin. Oga ya yi tafiya. In zauna a benci har azahar, ya fito ya wuce ni kamar bai taɓa ganina ba, mutumin da da bakinsa ya ce ya ɗauke ni ƙani. Waya ma ya daina ɗauka. Daga baya wani direba ya ce min ai kyamarar tana nan tana aiki, wani yaron manajan ne ke kula da ita, kuma lissafin ta hannun manajan yake bi kafin ya isa ga mai kamfani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko sisi ban samu ba, ko kayana ba a dawo min da su ba. Dattijon da ya haɗa mu ya ce in bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma ban yafe ba, kuma ba zan ɓoye hakan ba.

Saboda haka kafin ka taɓa waya ɗaya a siton Alhajin nan, ka tambayi kanka wa zai yi asara in kyamara ta faɗi gaskiya. Aikinmu ƙirga ne da sa ido, kuma duk inda ake ƙirga akwai mai cin abinci a inda lissafi bai cika ba. Da mai dukiyar za ka yi magana kai tsaye, sakamakon ya riƙa shiga wayarsa shi kansa. Gwaji kyauta kuwa babu shi. Ya ba da kafin alƙalami, ko da kuɗin kaya ne kawai, a rubuta a sa hannu da shaidu. Wanda ya ƙi ba da kuɗin kyamara ba zai ba da kuɗin kwangila ba. Kod da hotunan horarwa naka ne, kada su bar hannunka. Kuɗin wata-wata za ka yanka na kulawa, don wannan aikin ba a gama shi, kullum akwai gilashin gogewa da model ɗin sake horarwa.

Kuma don Allah ka lura da dala. Kafin Yunin 2023 tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Kyamara da dala, Jetson da dala, hayar GPU da dala, kai kuma naira za a biya ka, bayan wata nawa ma Allah masani. Takardar farashinka ta faɗi ranar da za ta daina aiki. Sola da batir su shiga lissafi tun farko, na'urar kuma ta yi aikinta a wurin ba tare da intanet ba.

Wani abin da ba a cika faɗa mana a kwas ba: YOLO na kamfanin Ultralytics lasisinsa AGPL-3.0 ne. In za ka sa shi a kayan sayarwa, ko ka buɗe kod ɗinka ga kowa ko ka sayi lasisin kasuwanci. Ka karanta shi tun yanzu.

Kada kuma kyan sakamako a kwamfutarka ya ruɗe ka. Google da kanta ta kai manhajar gano ciwon ido na masu ciwon suga asibitoci 11 a Tailan, sai manhajar ta ƙi karɓar kusan kashi 21 cikin ɗari na hotunan, galibi saboda hasken ɗakunan bai yi ba. Su ke nan da kuɗinsu, balle kai da hazon Disamba. In kuma Alhajin ya fara zancen gane fuskar ma'aikata, ka yi taka-tsantsan. Binciken Joy Buolamwini da Timnit Gebru na 2018 ya nuna manhajojin manyan kamfanoni suna kuskuren tantance jinsi har kashi 34.7 a kan mata baƙar fata, alhali a kan maza farar fata bai kai kashi 1 ba. An samu gyara tun daga lokacin, amma ka ƙara da hijabi da rawani da takunkumin ƙura ka gani. Ga dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta sa bayanan jikin mutum irin na gane fuska cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Buhu ba ya kai ƙara, mutum yana kaiwa.

Abin da ke ƙona min rai a harkar nan, su wa ke zana akwatunan da ake horar da manyan model ɗin? Irin ƙannenmu ne. A Maris 2024 aka wayi gari Remotasks, dandalin da ke biyan mutane su yi wa hotuna alama, ta rufe wa masu aiki daga Najeriya da Kenya ƙofa. Shekara ta zagayo, Meta ta zuba dala biliyan 14.3 ta karɓi kashi 49 na Scale AI, uwar kamfanin Remotasks. Ka ga inda daraja take, a hotunan da aka yi wa alama. Shi ya sa har gobe abin da ya fi yi min ciwo a filashin nan ba kod ba ne, kod zan sake rubutawa. Hotunan ne. Hoton mota da kare ya cika intanet, amma hoton riɗi da zoɓo da citta irin na kasuwar Dawanau, an ware mai tsakuwa da mai danshi da mai kyau, ko hoton fata mai tabo, ko tumatirin da tsutsar sharon ta kama, sai wanda ya je ya ɗauka. Masu binciken PlantVillage sun yi manhajar waya mai suna Nuru don gano cutar rogo da tsutsar masara, sai da suka shiga gonaki suka tara hotuna. In ka tara naka da haƙuri, wannan shi ne abin da kyamarar Sin ba ta zuwa da shi a kwali.

Kuma kada ka raina gyara. Injin tantance launi da ke kamfanonin shinkafa, mai hure baƙar ƙwaya da iska, shi ma ganin kwamfuta ne. A wurin da na yi aiki, in ya rikice sai a tsaya jiran injiniya daga nesa. Da yawa daga kuɗin da nake samu yanzu daga irin wannan saiti ne da ɗaura kyamara, ba daga horar da model ba.

Aikin koyarwa dai kada ka ajiye shi yanzu, ina roƙonka. Albashin ko yaya yake shi ne zai ba ka bakin cewa a'a in an ce kyauta. Ka yi wannan da yamma da ranakun hutu har sai ka samu masu biya duk wata da za su riƙe gida. Ka koma wurin Alhajin ka tambaye shi wa ke riƙe da littafin sito, awa nawa suke samun wuta, da dare ake lodi ko da rana, kuma nawa yake ganin yana asara a wata. Ka dawo nan da amsarsa, sai mu duba irin kyamarar da ta dace da abin da ya kamata ka yanka masa.