Tambaya da Amsa: Muna Son Shirya Ranar Wasanni ta Dangi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ce babba mace a gidanmu. Mahaifinmu yana da mata uku, idan muka haɗu da 'ya'ya da jikoki da surukai mun haura hamsin. Duk ƙarshen shekara muna taron zumunci, amma yanzu taron ya koma a ci a sha, kowa ya duƙufa kan wayarsa, kafin la'asar an watse. Bana muna son mu mai da shi ranar wasanni, yadda tun daga Baba har ƙaramin jika kowa zai samu abin yi. Kuɗinmu ba yawa. Ta ina za mu fara? Daga wata 'yar'uwa a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya bar zumunci, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Maganar mata uku da kika yi ita na fi riƙewa a wasiƙarki, don nan ne taron zai gyaru ko ya ɓaci. Ki yi wa Allah kada ki bari a raba ƙungiya ɗaki-ɗaki. Da zarar an ce 'yan ɗakin Hajiya Babba za su kara da 'yan ɗakin Amarya, to wasa ya tashi daga wasa. Yaro zai faɗi a tsere, uwarsa ta ji kamar ɗakinta aka kayar, a wayi gari maganar da aka binne shekara goma ta taso. Na daɗe ina koyarwa a firamare, na sha tsayawa a fili ranar gasar gidaje, kuma dalilin da ya sa makaranta ke cakuɗa yara a gida ja, gida kore, gida shuɗi ke nan: ɗan aji shida ya tsinci kansa yana yi wa ɗan aji ɗaya kirari don launinsu ɗaya. Ku ma haka za ku yi. Ki sayi kyalle kala uku a Kasuwar Barci, a yayyanka shi tsiri-tsiri na ɗaurawa a hannu, a zuba a kwando a rufe, kowa ya sa hannu ya zaro. Yara su zara daban, matasa daban, manya daban, don kada ƙarti su taru wuri guda. Wanda ya zaro kore, kore ne shi, ko da matarsa ta zaro ja. A yi wannan a gaban kowa, da safe, kada wani ya ce an shirya.

Sai maganar kunya. Kada ki haɗa matar ɗa da surukinta a wasa guda, kada ki sa uwa ta yi tsere da ɗan farinta, za ki takura su ne kawai. Amma akwai waɗanda al'ada ta riga ta buɗe musu ƙofa: jika da kaka, da taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji. Waɗannan ki haɗa su da gangan. Kaka ta riƙe cokali da lemon tsami a kai tana takawa a hankali, jikanta na gefe yana tsokanarta wai ta tsufa, ita kuma tana ce masa mijin banza, ko cefane bai iya ba. Dariyar da za a yi a nan ta isa ta warware duk wanda ya zo fuska a ɗaure.

Tsofaffi kuma kada a jera musu kujeru a rumfa a ce su yi kallo. Tsoho idan ya zama ɗan kallo, bayan awa ɗaya zai ce a mai da shi gida. Ki ba Baba usur, shi ne alƙalin wasa, hukuncinsa ba ɗaukaka ƙara. Ƙannensa da abokansa a haƙa musu gurbin dara a inuwa: rami talatin, shida a tsaye biyar a kwance, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsinken kara, wancan da tsakuwa. Wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa. Ki sa makin dara ya shiga lissafin ƙungiya daidai da makin ƙwallo, za ki ga samari sun bar fili sun zo sun yi dafifi a kan tsoffin suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Iyaye mata kuwa ki nemo musu tsakuwa masu santsi don 'yar carafke. Hannun da ya iya cafe dutse tun yana budurwa ba ya mantawa, kuma yawancin 'yan matan yanzu ba su taɓa gani ba. Idan aka samu wadda ta tuna waƙoƙin gaɗa ta ba da waƙa, sauran su amsa da tafi, sai ki ga an manta da waya.

Ƙananan yara ba sa buƙatar tsari mai yawa. Tseren buhu, ɓuya, cika kwalba da ruwa da kofi, ya ishe su. Su fara, tun rana ba ta yi ba, don su ne ke saurin gajiya da kuka. 'Yan shekara goma zuwa sama ki ba su langa. Kada ki ji wani ya ce wasan ƙauye ne: langa tana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a gasar wasanni ta ƙasa, gasar da Kaduna ta karɓi baƙuncinta a 1977 da 2009. Yaro ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, ya yi ta tsalle da ɗayar yana ture abokin hamayya, wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Kowane ɓangare da nasa ruwa, wato ɗan wasa ɗaya da aka ware, sauran suna kare shi har ya kai inda aka shata. A yi ta a kan yashi, a tsince ƙusa da fasassun kwalabe tukuna. Ƙwallo kuma mutum biyar-biyar, minti goma-goma, in ba haka ba samari za su cinye ranar duka. Jan igiya a ajiye shi ƙarshe, maza nasu, mata nasu.

Wuri: Dandalin Murtala yana da fili, sai dai Asabar da safe ba ya rabuwa da masu motsa jiki, kuma na san matan gidanku ba za su sake su yi gudu a idon jama'a ba. Na fi son ki nemi filin makaranta mai katanga a unguwarku, ki je wurin hedimasta da kanki ko ki tura yayanku namiji, a nemi izini, a yi alkawarin share wurin. Ki duba akwai bayi da ruwan alwala. Toka ta isa shata layi.

Tunda ƙarshen shekara ne, kun dace da hutun makaranta kuma ba fargabar ruwan sama, amma hunturu ne. Ku fara wajen ƙarfe tara, sanyi ya ɗan saki, ku tashi kafin azahar, a yi salla a ci abinci tare. Ki yayyafa wa filin ruwa saboda ƙura. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa a aljihu. Yaro mai sikila kada a hana shi wasa, amma a sa masa rigar sanyi, ya yawaita shan ruwa, a ba shi abin da ba na wahala ba, kamar riƙe allon maki ko jifa cikin bokiti, don sanyi da ƙishirwa da gajiya suna tayar da ciwon. Mai hawan jini kada ya shiga jan igiya, komai cika bakinsa. A hunturu mutum ba ya jin ƙishi sosai alhali jiki na bushewa, saboda haka jakar fiya wata mai guda ashirin ki lissafa ta wa mutum shida ko bakwai. A ajiye auduga da filasta da man zafi wurin mutum ɗaya da kowa ya sani.

Abinci kowane ɗaki ya kawo kula ɗaya, a zuba a faranti a ci ƙungiya-ƙungiya. Abin da za ki kashe bai wuce na kyalle da igiya da ruwa da alawar yara ba.

TAMBAYA: Anti, mu samarin gidanmu muna son a sa dambe da kokawa a taron danginmu, iyayenmu mata sun ƙi. Ki sa baki. Daga wani ɗalibi a Kawo.

AMSA: Ɗana, a dambe ina bayan iyayenka. Dambe sana'a ce mai horo, masu yin ta sun san yadda ake ɗaure hannu da yadda ake karɓar naushi, kai kuwa ɗan baffanka za ka fasa wa baki a gaban mahaifiyarsa. Kokawa zan iya roƙar muku, da sharaɗi: a kan yashi mai laushi, tsara da tsara, babba ɗaya yana tsaye a kai, da an kai mutum ƙasa an gama, ba ramuwa. Ka je ka faɗa wa Mama haka cikin ladabi. Idan ta ce a'a, ku yi langa.