Yaro ya faɗi, haƙorinsa na gaba ya fita

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce ɗanki ya faɗi, haƙori ya fita, kina tambayar ko a mayar.

Ya yi famfara? In haƙorin yarinta ne, kada ki mayar, zai iya lalata wanda ke tsirowa a ƙarƙashi. Danna dasashin da tsumma mai tsabta har jinin ya tsaya.

In kuwa na dindindin ne, kama shi ta kai, ban da saiwar. Ɗauraye shi kaɗan, kada ki goge, ki mayar gurbinsa ko ki tsoma a madara. Da yawa kan naɗe shi a takarda ya bushe, nan ake asararsa. Ku isa wurin likitan haƙori cikin minti 60.

In yana amai ko yawan barci, asibiti kai tsaye, ƙila kansa ya bugu.