Giris a tiredin fulogi, da garejin da ba shi da littafi

Tambaya: "Ina da garejin gyaran mota, ƙanena ne ke riƙe da aikin, ni ina fita sayo kaya. Yakan shafa giris ɗin hana kamewa, mai launin jan ƙarfe, a tiredin duk fulogin da ya ɗaura, wato wurin da ake murɗawa ya shiga inji. A 'yan watannin nan motoci uku sun dawo mana: biyu tiredin kan injinsu ya cinye, ɗaya fulogi ya karye a ciki, kuma ni na biya gyaran. In canza giris ne, ko in canza mai kawo mana fulogi? Sannan ina shirin cin bashi in buɗe reshe na biyu in damƙa wa ƙanen nawa."

Amsa: Malam, ka bar jaki kana dukan taiki. A duk wasiƙarka ban ga inda ka ce wane yaro ya ɗaura fulogin motocin nan ba, ko wane iri ne, ko da wane awo aka ɗaure shi, ko injin ya huce kafin a taɓa shi. Ba ka faɗa ba domin ba ka sani ba, kuma ba za ka sani ba tunda babu inda aka rubuta. Ta nan kuɗinka ke zuba.

Maganar giris ɗin gajeruwa ce. A da, fulogi baƙin ƙarfe ne tsirara, yana tsatsa ya kame a kan injin alminiyam, shafa masa giris kuwa dabara ce mai kyau. Yawancin fulogin yanzu tun daga masana'anta ake lulluɓe tiredinsu da wani ƙarfe mai sheƙi wanda ke hana kamewa. Shi ya sa kamfanin fulogi na NGK ya ce kada a shafa wa nasa komai, ya kuma yi gargaɗin cewa giris na iya sauya awon ɗauri da kusan kashi 20 cikin ɗari. Kamfanin Denso ma, wanda shi ma fulogi yake ƙerawa, bai yarda da shi ba. Giris santsi yake sawa, hannu ya ji kamar fulogin bai kama ba, sai a ƙara murɗawa, alhali tiredin alminiyam ya riga ya sha fiye da ƙarfinsa. Fulogi mai tiredin milimita 14 mai washa, a kan injin alminiyam, ƙarfin ɗaurin da yake so bai wuce Nm 25 zuwa 30 ba (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri). In kuwa giris ɗin ya gangara ya taɓa bakin da wuta ke tashi, mota ta kama misin, wato wuta na tsallakewa, a zo ana zargin kwayil ɗin da ke ba fulogi wuta.

Akwai inda ake amfani da shi, amma bisa umarnin kamfanin da ya ƙera motar. Injin Ford mai lita 5.4 da bawul uku a kowace silinda, na wajen 2004 zuwa 2008, ya yi suna wajen karya fulogi, kuma Ford ya ce a shafa irin na nikel a dogon hancin fulogin, ban da tiredi. Ka ga kenan abu ne da ake dubawa a littafin kowace mota. Ba ɗabi'a ba ce da mutum zai ɗauka ya bi kowane inji da ita.

Yanzu ga ƙanenka. Ban ce mugu ba ne, wataƙila ma ya fi kowa son garejin nan. Amma ka ɗora shi a kan dukiyar mutane, ka bar shi yana auna ɗauri da tsokar hannunsa, kuma kana jin nauyin tambayarsa domin jininka ne. Da bare ne, tun mota ta farko da ka zaunar da shi. Kunyar nan ita ta biya gyara na biyu da na uku.

Na taɓa zama da wani mai gareji da ke kula da motocin wani kamfanin jigila. Aiki ne mai tsoka, shi ke riƙe da albashin yaransa. Wata mota ta tofar da fulogi a kan hanya, kamfanin ya ce a kawo takardar aikin da aka yi mata. Babu. Mai yiwuwa ma ba a garejinsa aka yi ɓarnar ba, domin direbobi na tsayawa wurare da dama, amma da me zai kare kansa? Ya biya gyaran, kamfanin ya janye motocinsa gaba ɗaya. Gyaran bai karya shi ba, janyewar ce ta rufe garejin.

Yi lissafi da kanka. A ƙiyasina, gyaran tiredi ɗaya, in har sai an sauke kan inji an sa Helicoil (zoben waya da ke maye gurbin tiredin da ya cinye) da sabon gasket, yakan lashe ribar canjin fulogi ashirin zuwa talatin, ban da kwastoman da ya tafi yana ba da labarinka. Sifanar awo mai kyau, wato wadda ke nuna ƙarfin ɗauri, ba ta kai kuɗin gyara ɗaya ba. Ka biya uku, har yau ba ka saye ta ba, kana maganar reshe.

Ka ajiye batun bashin nan. Banki ba ruwansa da tiredin da ya cinye, wata na cika zai zo. Gareji ɗaya da kake shiga kullum ya gagare ka sanin abin da ake yi a cikinsa, ina ga wanda sai ka hau mota ka je?

Abin da nake so ka yi a makon nan: sayi sifanar awo da littafi. Kowace mota a rubuta lambarta, kilomitarta, irin fulogin da aka sa, awon da aka ɗaure shi, da sunan wanda ya ɗaura, ya sa hannu. A bar inji ya huce, a fara murɗa fulogi da yatsu kafin a ɗora sifana. Gwangwanin giris ya koma cikin durowarka, ba ya fita sai an nuna maka shafin da ya ce a shafa. Ka kira ƙanenka gefe, ba a gaban yara ba, ka ce masa dokar nan har kai ta hau. Motocin da aka riga aka shafa wa kuwa, duk wadda ta shigo a kwance fulogin a hankali, a goge tiredin, a duba shi da tocila, a sa sababbi bisa awo. Ka bi littafin nan wata shida, in babu motar da ta dawo, sai ka sake rubuto mini mu yi maganar reshe.