Rage ƙiba ba ya nufin cin abinci lami

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin fara rage ƙiba amma dafaffen ƙwai da kokwamba sun gundure ki, har kina shirin haƙura, kina neman girkin da zai yi daɗi bai ƙara miki jiki ba. Don Allah kada ki haƙura. Duk wadda ta ɗora wa kanta abinci lami, da wuya ta ɗore.

Abin da ya fara buɗe min ido shi ne mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) kusan 120, mu kuwa da ludayi muke kwarara shi a miya. Da na koma auna shi da cokali sai miyar ta yi salam, to a nan kayan ƙamshi suka cece ni.

Ga yadda nake yi. Ina zuba masoro, kanumfari da kimba a busasshen kasko, wuta ƙasa-ƙasa, ina juyawa har ƙamshi ya tashi, in sauke kafin su ƙone. Idan sun huce in daka su da busasshiyar citta, in tankaɗe, in zuba a kwalba mai murfi. Ki cire ƙwayoyin cikin kimbar, su ne ke kawo ɗaci, kanumfari kuma kaɗan ya isa don yana danne sauran. Mu a Kaduna ba mu da uzuri a kan citta, ga ta nan daga Kaciya da Kwoi, ki leƙa Kasuwar Gumi ko ta Kawo za ki same ta ɗanya da busasshiya. Ki sayi tsurarta ki daka da hannunki, ya fi garin da ya daɗe a leda.

Sai daddawa. Ki daka ta da albasa, tafarnuwa da attarugu, ki soya a cokali ɗaya na mai kafin ki zuba kayan miya. Wallahi za ki ga kin rage magi da kanki. Hakan ma riba ce, don gishiri ne ya fi yawa a cikin magi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana.

Girkin da na fi yi shi ne faten acca. Accar kaɗan, ganyen da yawa: yakuwa, alayyafo, gauta, da busasshen kifi. Ganyen a ƙarshe nake zubawa don kada ya yi ligif. Kifi ko kaza kuma in shafe su da citta, tafarnuwa, kurkum da lemon tsami, su ɗan jima, sannan in gasa maimakon suya. Ranar da na yi marmarin ƙosai sai in yi alale. Kwaɗon zogale ma yana riƙe ciki, amma ki kula da ƙuliƙuli, don shi ma akwai mai. Zobo kuwa da ɓawon abarba da kanumfari nake dafa shi, ba sukari.

Abu ɗaya da nake so ki ji daga gare ni: ruwan citta da lemon tsami ba ya narkar da teɓa, duk da yadda ake yaɗawa a WhatsApp. Acca ma idan kin cika faranti, kin ci da yawa. Amfanin kayan ƙamshi shi ne su sa ki ji daɗin ɗan abin da kika ci.

Kuma ba sai kin ɗora tukunya biyu ba. Abin da maigida da yara za su ci shi za ki ci, ki rage tuwon ki ƙara ganye. Idan kina da olsa ki sassauta yaji da citta, in kuma kina da juna biyu, kina shayarwa, ko kina shan maganin suga ko na hawan jini, ki fara ganin likita kafin ki sauya cimarki. Allah ya ba da sa'a.