Tambaya da Amsa: Sun Ce Mu Kawo Hujjar Cewa Kwanar Garinmu Na da Haɗari

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni shugaban makarantar firamare ne a wani ƙauye da ke arewacin jihar Kaduna. Tun da aka zuba wa hanyarmu kwalta direbobi da 'yan acaba ba sa ɗaga ƙafa, ga makarantarmu dab da wata kwana. A bana babur ya buge ɗalibanmu biyu, Allah Ya taƙaita. Mun kai kuka, aka ce mu kawo hujja. Wace hujja kuma ake nema bayan yaran da aka kwasa zuwa asibiti?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya ba yaran lafiya, Ya kiyaye na gaba. Wasiƙarka ta taɓa ni, domin na sha ganin haka a shekarun da na yi ina aikin hanya: muddin hanya burji ce, ramuka ke riƙe direba, ranar da kwalta ta sauka, gudu ya samu wuri, mutanen gari kuwa suna nan da tsallakawarsu irin ta da. Hujjar da ake nema kuna iya haɗa ta da kanku, ba sai an jira wani ya rasa ransa ba.

Ku fara da gudu. Ku auna mita 100 a bakin makaranta, kamar taku 130 ke nan na babban mutum, ku ajiye dutse a kowane ƙarshe. Wani ya tsaya da agogon waya yana duba daƙiƙa nawa mota ke yi tsakanin duwatsun, sai a raba 360 da abin da ya samu, amsar ita ce gudun motar a kilomita a awa. Daƙiƙa 7 na nufin kusan kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar gudu a cikin gari a dokar hanya ta Najeriya. Daƙiƙa 4 da rabi kuwa kilomita 80 ne. Ku yi wa motoci da babura kamar 50 haka, lokacin tashi daga makaranta da kuma ranar kasuwa, sa'adda a-kori-kura ke dawowa da lodin masara.

Sai abin da na fi damuwa da shi, wato nisan gani. Malam, ka je inda yara ke tsallakawa ka durƙusa har idonka ya zo daidai da na ɗan aji ɗaya, ka dubi kwanar. Na taɓa yin haka a wani gari cikin watan Satumba. A tsaye ina hango mota daga nesa. Da na durƙusa, ban ga komai ba sai gamba da karan dawa da rumfar mai shayi, ƙarar injin kawai nake ji har motar ta bayyana a gabana. Direban da ke gudun 80 yana bukatar kusan mita 70 kafin ya tsaya cak, in birkinsa na da kyau kuma titi a bushe yake. Mai gudun 50 kusan rabin haka. Ka taka daga wurin tsallakawar zuwa inda mota ke fara bayyana. In bai kai mita 70 ba, to hujja ta samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi daga gudun 50 zuwa 65.

Ku buɗe littafi a ofishinka, a riƙa rubuta kowane haɗari da rana da lokaci, har da wanda aka sha da ƙyar. Yawancin abin da ke faruwa a ƙauye a gaban dagaci ake sasanta shi, ba ya shiga takardar hukuma, shi ya sa a ofis sai hanyar ta zama kamar lafiya lau. Ku ɗauki hoton gefen titi inda ruwa ya zaizaye, da kwalbatin da ba shi da kariya, da shanyar barkono ko masara da ke tura masu tafiya a ƙasa tsakiyar kwalta.

Kafin ku rubuta takarda, ku binciki mai hanyar. Ta tarayya hukumar gyaran hanyoyin tarayya, FERMA, ke gyara ta, ta jiha hukumar hanyoyin jihar Kaduna, KADRA, ta ƙaramar hukuma kuwa sashen ayyuka. Dagaci da shugaban ƙungiyar iyayen yara su sa hannu, a kai kwafi ga hakimi da kansila da ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC, mafi kusa. Lambarsu ta gaggawa 122, a rubuta ta a bangon makaranta.

Don Allah kada matasa su tara ƙasa ko su gitta gungume a titi da sunan rage gudu. Tudun da ba fenti ba alama, cikin dare ko hazon hunturu, ɗan acaba yake kayarwa. Sare gambar da matsar da rumfar kuwa aikin gayya ne na safiya ɗaya, ku yi shi Asabar mai zuwa, kuma a samu malami ɗaya da jan ƙyalle ya riƙa tsallakar da yara har amsar takardarku ta zo.