A Cire Haƙori ko a Gyara Shi, da Batun Haƙorin Makka

Tambaya: Ni direba ne a Jidda. Turmina na ƙasa ya yi kogo har yana hana ni barci. Likita ya ce ko dai a kashe jijiyar a sa wa haƙorin hula, ko kuma a cire shi, kuma cirewar ta fi araha nesa ba kusa ba. Wanne zan zaɓa?

Amsa: Allah ya sawwaƙe, Malam. Idan likita ya duba hoto ya tabbatar saiwar ba ta tsage ba, kuma akwai sauran haƙorin da zai riƙe hula, shawarata ita ce ka gyara abinka. A wannan aiki, wanda za ka ji ana kiran sa asab a asibitocin nan, likita yana huda haƙorin, ya kwashe jijiyar da ta ruɓe, ya wanke ramin saiwar, sannan ya toshe shi, yawanci a zama 1 zuwa 3. Kada ka yi wasa da hular, domin turmin da aka rarake yana iya darewa wajen tauna, kuɗin da ka kashe su tafi a banza.

Arahar cirewa ta ranar farko ce kawai. Giɓin da aka bari yana sa haƙoran gefe su karkato, na sama ya zazzago, ƙashin wurin kuma ya riƙa zaizayewa. Ranar da ka so cike giɓin, ko dai a kankare lafiyayyun haƙora biyu na gefe a ɗora gada, wato ƙirarren haƙori da suke riƙewa a tsakaninsu, ko a dasa ƙusar ƙarfen titaniyom a cikin ƙashi a jira wata 3 zuwa 6 ta kama kafin a ɗora mata haƙori, kuma dashen ya fi gyaran tsada. Mai shan sigari da mai ciwon suga da bai daidaita ba sun fi fuskantar rashin kamawar dashen.

Kafin ka zauna a kujera, ka nemi a rubuta maka jimillar kuɗin, har da na hoto da na hula, ka kuma tambayi iyakar abin da inshorar wurin aikinka take biya na haƙori. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana lafar da ciwon ne kawai, ba ya warkar da ruɓaɓɓiyar jijiya. Idan fuska ta kumbura da zazzaɓi, ko haɗiya ta yi wuya, ka tafi sashen gaggawa a ranar.

Tambaya: Mahaifiyata za ta zo Umara daga Katsina, kuma tana so in kai ta a sa mata haƙorin Makka. Akwai matsala?

Amsa: Hajiya, Allah ya kawo Mama lafiya, ya karɓi ibada. Na san darajar wannan haƙori a wurin iyayenmu mata, kuma ba na son a rage musu farin cikinsu. Abin da ke damuna shi ne yadda ake sa shi. Sau da yawa sai an kankare lafiyayyen haƙori kafin hular ta shiga, kuma farin ɓawon da aka kankare ba ya sake tofowa har abada. Idan bakin hular bai zauna daidai ba, abinci yana maƙalewa a ƙarƙashi, haƙorin ya riƙa ruɓewa a ɓoye, dasashi ya kumbura, baki ya yi wari. Wasu ƙarafa masu araha kuma suna ɗauke da nikel, wanda jikin wasu mutane ba ya karɓa.

Saboda haka ki kai ta asibitin haƙori mai lasisi, ki guji masu yi a ɗaki ko a lungun kasuwa, inda kayan aikin da ba a tsabtace ba za su iya yaɗa ciwon hanta. Idan tana da haƙorin da dama yake buƙatar hula, a ɗora zinariyar a kansa, a bar lafiyayyun.

Tambaya: Dasashina yana jini idan ina asuwaki. In sayi ruwan kuskure baki?

Amsa: Ɗan'uwa, ruwan kuskure baki ba zai cire dattin da ya daskare a gindin haƙori ba, sai likita ya kankare shi da na'ura, kuma wannan datti ne yawanci yake jawo jinin. Ka fara da wankin haƙori a asibiti. Bayan haka ka ci gaba da asuwakinka na arak a hankali, kana yanke kansa a kai a kai, ka haɗa da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid sau 2 a rana, da zaren sakace. Idan jinin bai tsaya ba bayan mako 2, ko haƙori ya fara girgiɗi, ka koma wurin likita, a auna maka suga kuma.