Amsa: Wa ya mallaki fadar Bamburgh ta bakin teku?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko fadar Bamburgh, wadda ka ga hotonta bisa dutse a bakin teku, ta gwamnatin Birtaniya ce ko ta gidan sarauta. Ba ta kowannensu ba ce, mallakar wani iyali ce da ake kira Armstrong. Sau uku na ziyarce ta a shekarun da na yi karatu a Newcastle, da yake tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna ce a mota idan an nufi arewa.

A da kam ta sarakuna ce. Tun shekarar 547 Sarki Ida ya kafa mulkinsa a kan dutsen, sannan Normawa, waɗanda suka zo daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, suka gina hasumiyar tsakiya a ƙarni na 12. A 1464, lokacin yaƙin basasar neman gadon sarauta, aka yi mata ruwan igwa har ta miƙa wuya, kuma daga nan ta yi ta lalacewa. A 1610 Sarki James na Ɗaya ya ba da ita ga iyalin Forster, waɗanda bashi ya ci ƙarfinsu, har surukinsu Lord Crewe, bishop na Durham, ya saye ta a 1704.

Zamanin da ya biyo baya shi ya fi burge ni, ko da yake maziyarta ba su cika tsayawa a kansa ba. Crewe ya bar dukiyarsa a hannun amintattu, kusan yadda muke yin waƙafi, kuma ɗaya daga cikinsu, Dokta John Sharp, ya mayar da kangon wurin taimakon talakawa: aka buɗe makaranta da ɗakin shan magani, ana sayar da hatsi da rahusa, idan hazo ya rufe teku kuma a kaɗa ƙararrawa a harba igwa domin jiragen ruwa su kauce wa duwatsu.

A 1894 attajiri William Armstrong ya saye ta kan fam 60,000. Abin mamaki, ƙera igwa na daga cikin sana'o'in da suka azurta shi. Ya rasu a 1900 gyaran bai ƙare ba, kuma da yake bai bar ɗa ba, jikan 'yar'uwarsa ne ya gaje shi.

Kada ka ɗauka riƙe irin wannan gida jin daɗi ne zalla. Na shafa bangon da ke fuskantar teku, sai na ji iskar gishiri ta rarake dutsen kamar saƙar zuma, har yatsana yana shigewa. Kuɗin shiga da na bukukuwan aure da hayar wasu sassa su ne ke taimaka wa gyaran, shi ya sa za ka tarar da ƙofofi a kulle, domin akwai mazauna a ciki. Ɗaya gidan nasu, Cragside, tun 1977 ya koma hannun ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi saboda harajin gado, amma Bamburgh na hannunsu har yau.